Kaskon baƙin mai: walda ko na hannu daga Suame?

Tsohuwar Corolla ta ta daki dutse a hanyar Aboabo, washegari na tarar da baƙin mai ya malale a ƙasa. Kaskon da ke ƙarƙashin inji ya tsage. Makanikena ya ce, "Alhaji, ko mu yi walda, ko mu shiga Suame Magazine mu nemo na hannu." Suame Magazine ita ce babbar unguwar makanikai da masu sayar da kayan mota a Kumasi.

Walda ta fi araha, kuma in kaskon na ƙarfe ne takan riƙe. Amma zafin wuta yakan lanƙwasa bakinsa, gasket, wato abin da ake sawa tsakanin kasko da inji don hana yoyo, ya ƙi zama, mai ya dinga tsattsafowa. Na alminiyum kuwa sai gwani.

Ni na hannu na zaɓa, sai dai yana son ido. Ka tafi da tsohon a hannunka, don lambar inji ake bi, ba sunan mota kawai ba. Ka jera su, ramukan noti su dace. Ka kwance notin zubar da mai da yatsu. In zarensa ya cinye, kar ka sayi kaskon. Mun zuba kananzir a ciki, muka ɗora kan kwali, bayan rabin awa babu ɗigo. Sannan na biya, na sayi sabon gasket.