Dala 650 na ba ɗan damfara a kan ƙwallon roba: gargaɗi ga 'yan uwa na Bronx

Jama'a assalamu alaikum. Kwana uku ina rubuta wannan ina gogewa saboda kunya, amma yau sai na faɗa. An yi mini sakiyar da ba ruwa. Dala 650. Duk wanda yake tuƙin haya a garin nan ya san dare nawa mutum zai kwana a kan sitiyari kafin ya ware dala 650 bayan mai da inshora da kuɗin gida.

Kuma tun kafin wani ya fara cewa Malam ai kai ka so, ku tsaya ku ji. Shekarata goma sha huɗu a Amurka, ban taɓa faɗawa hannun masu kiran waya suna cewa daga ofishin haraji suke ba. Ni ne ma nake ja wa sababbin zuwa kunne a masallaci. Abin da ya kayar da ni yarona ne. A nan aka haife shi, gidanmu tafiyar minti goma ce a ƙafa zuwa filin ƙungiyar besbol ta Yankees da ke titi na 161, kuma tun 2022 da Aaron Judge ya fitar da ƙwallo bayan katanga sau 62 ya karya tarihin Roger Maris na 1961, yaron nan ba shi da zance sai besbol. Riga mai lamba 99 har barci yake yi da ita. Ni wasan ma ban gama gane shi ba, na fi gane tamaula, amma na ce ranar haihuwarsa zan ba shi ƙwallon da Judge ya sa wa hannu.

Mutumin a wani dandalin saye da sayarwa na intanet na same shi. Muka haɗu a gaban wani shagon shayi, da rana tsaka, ba a lungu ba. Watan Maris ne, ko ƙarshen Fabrairu, don na tuna akwai sauran ƙanƙara a gefen titi. Ya zo da ɗan akwati, ƙwallaye a jere kowanne cikin gidansa na roba. Na Judge dala 400. Ya ce mahaifinsa ne ya rasu ya bar masa tarin kayan, kuɗin haya ya matse shi. Sai ya ɗauko ƙwallon ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce: ɗan uwa, don Allah kar ka ajiye shi kusa da taga, rana tana cinye tawada. Wallahi wannan maganar ce ta kashe mini jiki. Na ce a raina mutumin da yake tsoron kar kayan su lalace a hannuna ai ba macuci ba ne. Da hannu biyu fa ya miƙo. Har yanzu in na rufe ido ina ganin hannuwan nan biyu, ina jin kar ka ajiye kusa da taga.

Na manta ban faɗa ba, 250 ɗin daga baya ne. Bayan sati biyu ya kira ni ya ce akwai na Mariano Rivera, tsohon ɗan wasan Yankees mai lamba 42, wanda a 2019 duk masu zaɓe suka amince a sa shi cikin zauren gwarazan besbol ba wanda ya ƙi, ya ce ni ya fara tunawa saboda yaron. Na tura masa ta waya kai tsaye, ya kawo mini har ƙofar gida. Wato 400 a hannu, 250 ta waya, 650 ke nan. Maman yara ta ce anya kuwa? Na ce mata ke dai ba ki ga takardar shaidar ba. Takarda mai zanen zinariya a gefe, da ɗan tambari mai ƙyalli.

Ban sa su a taga ba. A saman durowa suke, ɗakin ko hasken kirki ba ya samu. Amma kafin a koma makaranta sai na ga baƙin rubutun ya fara komawa ruwan ƙasa, gefensa ya yi wani rawaya-rawaya kamar an ɗiga mai a takarda. Na Rivera ma rabin sunan ya koɗe. Ni a lokacin ban kawo damfara a raina ba, laifin kaina nake gani, ina cewa ko zafin ɗaki ne. Har saƙo na tura wa mutumin ina neman shawara, ku ji wauta. Shiru. Na kira, layi ba ya shiga. Shafinsa ma ya yi layar zana.

Asabar ɗin da ta wuce na ɗauke su na kai wajen baje kolin katunan wasa a White Plains, niyyata in tambayi yadda ake tsayar da koɗewar. Wani dattijo mai tebur ya karɓa, ko minti ɗaya bai yi ba ya juya ƙwallon ya nuna mini tambarin. Na gasar gaske, wato babbar gasar besbol ta MLB, kamfanin Rawlings ke yin sa a Kosta Rika, fatar saniya ce, an buga Official Major League Baseball a jiki tare da sa hannun kwamishinan gasar. Nawa Official League kawai aka rubuta, da China a ƙasa da ƙananan baƙaƙe. Rufin roba ne, irin wanda yara ke jifa da shi a fili, kuma roba ba ta riƙe tawada, ko wa ya sa hannun sai ya watse. Ga shi da maka aka rubuta, wato alƙalamin nan mai kaurin baki, ita kuwa maka a jikin ƙwallo nasowa take yi. Masu tara kayan nan biro mai shuɗiyar tawada suke nema, a kan fata, a ɗan siririn wurin da ɗinki biyu suka matso juna. Maka ta hoto ce da sandar bugu da hular kwano. Sai ya ɗauko nasa na Judge ya ajiye kusa da nawa. Ko ni da ban san komai ba na ga nawa a hankali aka zana shi, hannu na rawa.

Takardar kuwa ya ce ko shi zai iya buga irinta a gida. Babu lambar da za a bincika, sunan kamfanin da ke kai babu shi a duniya. Ya ce wannan sana'ar tsohuwa ce, tun ƙarshen shekarun 1990 hukumar FBI ta tarwatsa wani gungu a aikin da ta kira Operation Bullpen, shi ya sa a 2001 gasar ta fito da tambarinta mai lamba da kowa zai iya dubawa a intanet. Minti biyu a waya da sun ishe ni. Ina tsaye gaban shagon shayi waya na aljihuna, amma ina can ina kallon hannu biyu.

Banki sun ce tunda ni na tura da kaina ba abin da za su iya. Na kai rahoto wajen 'yan sanda, sun rubuta, shi ke nan.

In za ku saya: ba lambar MLB ko ta kamfanonin tantance sa hannu irin su PSA ko JSA ko Beckett da kuka duba da idonku kafin ku biya, kar ku saya. Ƙwallon fata, biro shuɗi, gida mai tare hasken rana. Kar ku biya a hannu ko ta tura kuɗi kai tsaye.

Hotunan hirarmu duk suna nan, da rasidin 250 ɗin, da hoton takardar bogin, zan ɗora su da daddare in na sauka daga aiki, sai na rufe lambobin waya tukuna. Mutumin dogo ne, yana jan ƙafar hagu kaɗan, akwatin ruwan toka. Duk wanda ya gan shi wajen filin wasa ya neme ni. Yaron har yanzu ban gaya masa ba. Jiya ma na same shi yana goge gidan ƙwallon da gefen rigarsa, yana tambayata wai Baba me ya sa sunan yake gudu. Dala 650.