Rediyografi ko Fannin Nukiliya na Asibiti: Wanne Za Ka Fara?

Ƙanina, ka ce ka gama sakandare da sakamako mai kyau a fiziks da kemistiri, ka ga tallar kwas ɗin ɗaukar hoton asibiti da sinadarin nukiliya a ƙasar waje, kana tambaya ko ka tafi can kai tsaye, ko ka fara karanta rediyografi, wato ɗaukar hoton cikin jiki da na'ura, a gida, ga kuma tsoron radiyeshin da kake yi. Amsata ita ce ka fara da rediyografi. Amma bari in nuna maka ayyukan biyu tukuna, don sau da yawa mutane na ɗaukarsu abu ɗaya.

A rediyografi, hasken radiyeshin daga na'ura yake fitowa. Ka tsayar da mara lafiya, ka ce ya ja numfashi ya riƙe, ka danna, hasken ya ratsa jikinsa ya wuce. Da ka saki maɓalli, shi ke nan, babu sauran komai a ɗakin. Abin da kake gani shi ne siffa: ƙashi ya karye ko bai karye ba, huhu ya tara ruwa ko bai tara ba. CT, mai ɗaukar hoton jiki yanki-yanki, ma haka yake. MRI da sikanin masu ciki kuwa ba sa amfani da irin wannan haske, amma duk suna cikin abin da za a koya maka.

A fannin nukiliya kuma, hasken daga jikin mara lafiya yake fitowa. Kai ne za ka haɗa magani mai fitar da radiyeshin, a yi masa allura, maganin ya je ya taru a gaɓar da ake nema, sannan wata kyamara ta musamman da ake kira kyamarar gama (gamma camera) ta ɗauki hasken da ke fita. Nan aikin gaɓa ake dubawa: wace ƙoda ce ke tace jini da kyau, wane sashen zuciya ne jini ba ya isa, ko ciwon daji ya bazu zuwa ƙashi. Akwai kuma magani, kamar aidin-131 da ake bai wa masu ciwon maƙoƙo mai sa rama da bugun zuciya.

Safiyar mai wannan aiki a ɗakin haɗa magani take farawa, a bayan gilashi mai dalma, da safar hannu, da ɗan ma'aunin radiyeshin a ƙirji. Akwai wata tukunya mai nauyi da aka lulluɓe da dalma, masu aikin na kiranta saniya, don tatsarta ake yi. Wani sinadari mai fitar da radiyeshin da ake kira molibdenum-99 ne a ciki, a zuba ruwan gishiri, ya fito da teknetiyam-99m, sinadarin da aka fi yin wannan hoto da shi a duniya. Duk awa 6 rabin ƙarfinsa ke tafiya, kafin gobe war haka saura kashi 1 cikin 16. Saniyar ita ma duk awa 66 take rasa rabi, bayan mako guda abin da ya rage bai kai kashi 1 cikin 5 ba. Don haka lissafi ba ya barin hannunka: allurar da ka auna ƙarfe takwas ba ita ce ta sha biyu ba.

Na taɓa zama da wata dattijuwa da aka yi wa allurar hoton ƙashi. Wajen awa uku ta jira tana shan ruwa kafin ta kwanta ƙarƙashin kyamara. Ba ta tambayi sakamako ba. Tambayarta ɗaya ce, ko za ta iya goya jikarta idan ta koma gida. Mai rediyografi minti biyar yake yi da mutum, kai kuwa a fannin nukiliya kusan wuni za ka yi da shi, kuma kai ne za ka yi masa bayani da harshen da zai gane har hankalinsa ya kwanta. Wannan ne ya sa nake ƙaunar fannin.

To me ya sa na ce ka fara da ɗayan? Guraben aiki. Kusan kowane babban asibiti na da ɗakin hoto, har da masu zaman kansu. Cibiyoyin nukiliya kuwa a Najeriya ba su da yawa: waɗanda aka fi sani su ne na Asibitin Koyarwa na Ibadan da Asibitin Ƙasa na Abuja. A Nijar akwai sashen a cibiyar da ke Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, a Gana kuma asibitin Korle Bu da ke Accra. Sannan saniyar nan daga waje ake kawo ta, daga ƙasashe ƙalilan masu sarrafa molibdenum kamar Afirka ta Kudu, Holan da Beljiyam. Muna da ƙaramar tashar nukiliya ta bincike a Zariya tun 2004, amma ba ta samar da wannan sinadari. Idan kaya suka makara a hanya, ƙarfinsu na zubewa, mutanen da suka yi doguwar tafiya su koma gida ba a yi musu komai ba.

Ta fuskar karatu, rediyografi shekara 5 ne a jami'a, kuma akwai shi a Bayero ta Kano, Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Maiduguri. Sai shekara guda ta sanin makamar aiki, da rajista da RRBN, hukumar da ke yi wa masu rediyografi rajista a Najeriya, sai bautar ƙasa. A cikin shekarun nan za a ɗanɗana maka darasin hoton nukiliya, ka ji ko ranka na so. Kwas ɗin waje, misali a Amurka, shekara 2 ne ko 4, sai jarrabawar NMTCB ko ARRT, hukumomin da ke ba da takardar shaidar ƙwarewa a can. Ya fi gajarta, amma kuɗinsa da dala ne, kuma ƙofa ɗaya yake buɗe maka. Kafin mahaifinka ya sayar da gona, ka rubuta wa RRBN ka ji matsayin takardar idan ka dawo da ita.

Batun tsoron radiyeshin da ka ambata, gaskiya mai aikin nukiliya ya fi kusa da shi, tunda a hannu yake riƙe shi. Amma akwai iyaka: milisibat 20 (ma'aunin radiyeshin da jiki ya sha) a shekara bisa matsakaicin shekara 5, kuma NNRA, hukumar kula da harkokin nukiliya, ce ke sa ido a Najeriya. Wanda ke aiki da sauri, ya ba da tazara, ya tsaya bayan dalma, yawanci ba ya ko kusantar wannan adadi.

Idan ka gama rediyografi zuciyarka na nan, ka nemi ƙarin horo a Ibadan ko Afirka ta Kudu, ko tallafin horo na IAEA, hukumar makamashin nukiliya ta duniya, da ake samu ta hannun gwamnati. Na'urorin hoton nukiliya na zamani, PET-CT da SPECT-CT, haɗe suke da CT, don haka abin da ka koya a Kano ko Sakkwato da shi za ka yi aiki tun ranar farko. A JAMB ka cike Turanci, fiziks, kemistiri da bayoloji.