Turare, malaina ko tik: wanne za ka dasa don katako?

Kafin ka biya kuɗin dashe, fara sanin shekara nawa za ka iya jira, domin ita ce ke raba waɗannan itatuwa.

Turare shi ne na mai gaggawa. Asalinsa daga Ostireliya ne, ya kuma karɓi ƙasarmu, kamar yadda ake gani a gandun dajin Afaka da ke kusa da Kaduna. Cikin shekara 5 zuwa 7 za ka sare sandunan da magina ke tokare rufin kankare da su, kututturen ya sake tohowa ba sai ka sayi sabon dashe ba. Aibinsa biyu: gara na cinye shi yana ƙarami, ga shan ruwa. Kada ka kai shi kusa da rijiya ko fadamar maƙwabci, in ba rigima kake nema ba. Katakonsa kuma yakan tsage in ya bushe, shi ya sa kafintoci ba sa rububinsa.

Ni malaina nake ba mai matsakaicin ƙarfi shawara. Wajen shekara 10 zuwa 15 take isa yanka, katakonta fari ne marar nauyi, mai daɗin aiki, kuma ita ma tana tohowa. Sai dai awaki da shanu na son ganyenta, to ka sa kuɗin shinge a lissafi.

Tik (teak a Turance) ya fi su kuɗi nesa ba kusa ba, amma sai ka ba shi shekara 20 ko fiye, kuma yana son ƙasa mai zurfi da ruwan sama wadatacce. Abin da ya sa ya yi kyau a Nimbiya, kudancin jihar Kaduna, ke nan. Mai fili a wajen Zariya ya yi tunani tukuna.

Duk wanda ka zaɓa, tazarar mita 3 kowane gefe na cin dashe kusan 1,100 a hekta. Sayi mai miƙaƙƙen jiki wanda saiwarsa ba ta nannaɗe cikin leda ba, ka dasa a Yuni ko Yuli. Raba filin gida-gida, kana dasa ɗaya kowace shekara, yadda in sara ya zo ba za ka share shi rana ɗaya ka zauna hannu rabbana ba. Kaka na yi, share hanyar wuta kewaye da gonar. Ranar sara kuwa, karɓi takardar izini daga jami'an gandun daji kafin mota ta ɗau lodi.