Tsabar kuɗin tsohuwar Yahudiya: wacce ta cancanci kuɗinka?

Sunan Yahudiya ya samo asali ne daga Yahuza, ɗan Annabi Yakubu. Zuriyarsa ce ta zauna a duwatsun da ke kewaye da Kudus, Baitalami da Hebron, ta yi sarauta har Babila ta rushe mulkin a shekarar 586 kafin Miladiyya. Yawancin waɗanda suka mulki yankin bayan nan sun bar hatiminsu a jikin kuɗi, shi ya sa masu tara kayan tarihi ke rububin su. Sai dai kowane da nauyin aljihun da yake bukata.

Mafi tsufa su ne na zamanin Farisa, ƙarni na 4 kafin Miladiyya. Azurfa ce ƙanƙanuwa, ba ta kai farcen ƙaramin yatsa ba, an rubuta Yehud a jiki, wato sunan lardin a lokacin. Wasu ma da hoton mujiya, kwaikwayon kuɗin Atina. Suna da wuyar samu kuma da tsada, don haka sabon shiga ya haƙura tukuna.

Ni inda hankalina ya kwanta shi ne a kan tagullar da ake kira furuta, musamman ta sarki Iskandar Yannai, wanda ya yi mulki daga 103 zuwa 76 kafin Miladiyya. An buga ta da yawan gaske, shi ya sa ta fi kowacce araha. Gefe ɗaya ƙugiyar jirgin ruwa ce, ɗayan tauraro, babu fuskar mutum ko ɗaya, domin addinin Yahudawa ya hana sassaƙa siffa. Yawancinsu bugun ya karkace, rubutun ya goge. Kada wannan ya dame ka, haka maƙeran suka fitar da su. Ka zaɓi wadda ƙugiyar ta fito sarai.

Sama da ita kaɗan akwai tagullar Bilatus, gwamnan Rumawa da Linjila ta ambata a shari'ar Annabi Isa, ta shekarun 29 zuwa 31 Miladiyya. Suna ne ke ɗaga farashinta, ba kyau ba.

Sai na tawaye biyu da Yahudawa suka yi wa Rumawa. Shekel ɗin azurfa na tawayen farko, shekarun 66 zuwa 70, yana ɗauke da ƙoƙon sha da rubutun "Kudus mai tsarki". Na Bar Kokhba kuwa, jagoran tawaye na biyu, daga 132 zuwa 135, a kan kuɗin Rumawa aka sake buga su, har wani lokaci kana hango inuwar fuskar sarkin Rum a ƙarƙashi. Bayan murƙushe wannan tawayen ne sarki Hadiriyan ya soke sunan Yahudiya daga lardin, ya mai da shi Siriya Falasɗina. Kyan kuɗin tawayen ba a magana, amma a nan 'yan jabu suka fi yin kasuwa. In zamanin kake so ba azurfar ba, nemi furutar shekara ta 2 ta tawayen farko, mai tulu da ganyen inabi.

Kafin ka biya, ka nemi nauyi da faɗi a rubuce, da takardar inda kuɗin ya fito. In daga Isra'ila za a aiko, dole dillalin ya kasance mai lasisi, kuma sai da izinin fitarwa daga hukumar kayan tarihi ta ƙasar. Idan tagullar ta iso hannunka, kada ka goge koren tsatsar da ke jikinta, gogewar tana karya mata daraja.