GARGAƊI: An damfare ni Naira 285,000 a kan kyamara a tsakiyar garin Kaduna

Assalamu alaikum jama'a. Yau kwana tara ke nan ina riƙe da maganar nan a ciki, in ban da banki da 'yan sanda, daga matata sai mai gyara ne suka san cikakken labarin, amma na gaji da haɗiye ta. Naira 285,000 wani mutum ya karɓa a hannuna a nan cikin Kaduna, da rana tsaka, ido na ganin ido, ya haɗa ni da mushen kyamara a cikin kwali. Naira 285,000. Adashen wata goma ne, 25,000 duk wata daga albashin koyarwa, na kwashi 250,000, na sayar da tsohuwar wayata na cika 35,000 a kai. Duk wanda yake zubin adashe ya san me wata goma ke nufi.

Kafin wani ya zo ya ce mini ai ni na yi sakaci, ku tsaya ku ji. Ban tashi da safe haka kawai na tura wa wanda ban sani ba kuɗi ba. Na fi wata uku ina bincike. Ni ba mai hoton biki ba ne, ba sana'a nake nema ba, sha'awa ce kawai da ta daɗe a raina. Ina son in ɗauki kogin Kaduna da yamma, in shiga Gamji in ɗauki tsohuwar gadar Lugard da aka kawo daga Zungeru, in je Zariya hawan sallah in ɗauki dawaki yadda waya ba za ta iya ba, in ɗauki 'ya'yana tun suna ƙanana. Shi ke nan burina. Na san kuɗina ba zai sayi sabuwa ba, shi ya sa na tsaya a kan Canon 600D. Tsohuwar ƙira ce, tun 2011 ta fito, megafiksel 18, allonta na baya yana juyawa, kuma kowa ya ce ta ishi mai koyo. Na san sunan batirinta, LP-E8. Na san idon da take zuwa da shi, wato gilashin gaba da ake ɗaura mata, 18-55. Na san abin da ake dubawa. Wallahi na sani.

Shi kuma mutumin da ya sayar mini ya ce tasa ba ta hannu ba ce irin wadda muka saba gani, wai rifabish ce, kamfani ne da kansa ya karɓe ta ya sauya abin da ya gaji ya sabunta ta, yayansa ya aiko da guda huɗu daga Amurka, saura biyu. Kuma akwai irin wannan da gaske, shi ne abin da ya kama ni. Kamfanin Canon a Amurka yana sayar da kyamarorin da ya sabunta, har da garantin shekara ɗaya. Na karanta wannan tun kafin in san mutumin nan yana duniya, don haka da ya faɗa sai maganarsa ta zo daidai da abin da na riga na sani. Abin da ban tsaya na matsa a kai ba shi ne takarda. Da na tambaya ya ce, “Malam, takardun suna wajen yaya, garantin ma ai can ne yake aiki, nan ba zai amfane ka da komai ba.” Na ga kamar hujja ce. Har yanzu in na tuna sai in ji ƙirjina ya yi nauyi.

Mun haɗu a bakin wani shago kusa da babbar kasuwa, ta wajen titin Ahmadu Bello. Yana zaune a kan benci a ƙofar shagon, yana gaisawa da yaran ciki, har ya aiki ɗaya ya sayo mana ruwa. Wa zai ce ba shagonsa ba ne? Ya fito da kyamara daga baƙar jaka, tsaf, babu ƙwarzane. Ni da kaina na zo da memori na, sabo, don na ji an ce kada ka yarda da na mai sayarwa. Na saka, na ɗauki hoto ya fi talatin. Na ɗauki napep yana wucewa, na ɗauki mai rake, na ɗauki farar takarda don in ga ko akwai ɗigo ko ƙura a ciki, na cire idon na ɗaga shi sama na haska da fitilar waya, garau. Na gwada filasha, na gwada bidiyo, na juya allo. Komai lafiya lau. Wace irin dubawa ce kuma ta rage da ban yi ba?

Na manta ban faɗa ba, tun kwana huɗu kafin nan na tura masa 50,000 kafin alƙalami, don ya ce wani mai hoto daga Kawo yana ta damunsa zai zo ya ɗauka. Wannan kam na yi gardama, na ce ba na biyan abin da ban gani ba. Sai ya kira ni ta bidiyo a WhatsApp, ya nuna mini kyamarar a hannunsa, ya ambaci sunana, ya kunna ta. Ya kuma turo hoton kwamfuta da ke nuna an danna ta sau 4,200 kacal. Ga wanda bai sani ba, a cikin irin wannan kyamara akwai wani ɗan labule da ke buɗewa ya rufe duk lokacin da ka ɗauki hoto, kuma yana da iyakar kwana kamar tayar mota, ana ƙiyasta wa irin wannan aji wajen dannawa 100,000. To 4,200 ai kamar sabuwa ce. Sannan na tura 50,000 ɗin. Ya zo kuma, bai gudu da ita ba, wannan ya ƙara sa na saki jiki. Ashe 50,000 ba ta ishe shi ba ne, 285,000 yake so gaba ɗaya.

Ga inda abin ya faru. Na gama gwaji, na cire memori na na sa a aljihu, na tura cikon 235,000, ya ga alat, ya ce Allah ya sa albarka. Kyamara tana rataye a wuyana. A wuyana take, jama'a. Sai aka kira La'asar. Ya ce, “Malam, kawo in sa maka a kwali in haɗa maka da caja, kada ka shiga masallaci da ita a wuya, ka san kasuwa.” Na cire da hannuna na miƙa masa. Ni na cire, ni na miƙa. Ya juya baya, ya durƙusa a kan baƙar jakar nan, bai fi minti ɗaya ba, ina tsaye ina naɗe hannun riga zan yi alwala. Ya miƙo kwali an naɗe da salatif an sa a leda. Muka tafi muka yi sallah sahu ɗaya, kafaɗarsa tana gogar tawa, kwalin yana gabana. Bayan sallama ya ba ni hannu ya ce in na je Zariya in turo masa hotunan dawaki.

Minti ɗaya. Na maimaita wannan minti ɗayan a kaina ya fi sau ɗari. Da na ce a'a bar ta a wuyana. Da na ce ba ni kwalin in sa da kaina. Da na yage salatif ɗin a wurin. Amma ku faɗa mini tsakani da Allah, mutumin da ya ce maka zo mu yi sallah, ya tunatar da kai ka kula da ɓarayin kasuwa, a lokacin za ka ce masa buɗe in gani? Da sallah ya rufe mini ido. Wannan ya fi kuɗin ciwo, ko da yake kuɗin ma da ciwo, 285,000 ba wasa ba ce.

Sai bayan Isha'i na buɗe a gida, yara sun kewaye ni, ƙaramar har ta sa kayan sallarta wai ita za a fara ɗauka. Na kunna, na danna, ta yi wata ƙara ƙas, allo ya rubuta Err 30. Na kashe na kunna, haka. Na cire batir, sai na ga batirin ma ya kumbura, da ƙyar ya fito. Robar da ake riƙewa ta saki, an manna ta da gam. Na ce wa yara caji ne babu, ku je ku kwanta. Na kira lambarsa, a kashe. Tun a napep ma na tura masa saƙon godiya, alama ɗaya ce ta nuna, ban kawo komai a raina ba, na ce ko cajinsa ne ya ƙare. Hotonsa ya ɓace daga WhatsApp. Ya toshe ni tun ban kai gida ba.

Mai gyaran da na kai wa, dattijo ne da ya daɗe a harkar, ya karɓi 5,000 kuɗin dubawa, ka ga ta zama 290,000 ke nan. Ya ce Err 30 a Canon matsalar labulen nan ce, ya mutu. Ya jona ta da kwamfuta ya samo lissafin, an danna ta sama da sau 160,000. Ni da aka nuna wa 4,200. Ya haska idon ya nuna mini fumfuna ta yi saƙa a cikin gilashi kamar yanar gizo-gizo, ya ce wannan ta kwana a damshi shekara da shekaru. Ya ce, “Malam, wannan masu hoton biki sun gama cinye ta, kayan gyara kawai za a cira a jiki.” Na ce masa wallahi na gwada da hannuna tana aiki. Ya kalle ni ya ce, “Wadda ka gwada daban, wannan daban.”

Kuma ina da hujja, ba zargi nake ba. Memorin nan nawa da na zo da shi, shi ya tona asiri. Kyamarar Canon tana rubuta lambar jikinta a cikin bayanan kowane hoton da ta ɗauka, abin da ake kira EXIF. Dattijon ya buɗe hoton mai raken nan a kwamfuta, ga lamba ta fito. Ya juya gindin kyamarar da na kawo, lambar da ke kan takardar ƙasa daban ce, ko kama ba su yi ba. Kyamara biyu ce a cikin baƙar jakar nan, ƙira ɗaya, launi ɗaya, ɗaya ta nuni ɗaya ta bayarwa. Mai kyau ɗin tana nan a hannunsa, kuma na tabbata yanzu haka wani yana can yana gwada ta yana murna kamar yadda na yi.

Washegari, kafin ma in je wajen mai gyara, na koma shagon tun ƙarfe takwas. Mai shagon ya rantse bai san shi ba, ya ce mutumin ya zo ne sau biyu ko uku ya ce yana jiran baƙo, ya sayi caja ɗaya a wurinsu, suka bar shi ya zauna a benci. Yaron da ya sayo mana ruwa ya ce 200 ya ba shi. Asusun da na tura 235,000 kuma, da na bi diddigi, na wani mai POS ne, ya ce mutumin ya ce masa ɗan'uwansa zai turo kuɗi, ya cire kuɗin caji ya ƙirga masa sauran a hannu. Sunan da na gani a kan tiransifa bai yi daidai da sunan da ya gaya mini ba, na gani, na tambaya, ya ce asusun shago ne. Ina zaune a ƙofar shago, me zai sa in musa? Ita ma 50,000 ta farko wani asusun daban ta shiga. Na kai rahoto banki, na kai wajen 'yan sanda, na ba da duk abin da ke hannuna, ina jira.

Wani abokin aikina da ya ji ƙishin-ƙishin ya ce wai da na neme shi ya raka ni. Ko mu biyar muka je, sai an miƙa masa ya sa a kwali, don babu wanda zai kawo wannan a ransa. Ban yi wauta ba. Na duba duk abin da ake dubawa. Mutumin sana'arsa ke nan, ya san daidai inda mai hankali yake sakin jiki, ya jira ni a wurin.

Ku dai ku ji: in ka gwada kaya ka biya, kada ya sake barin hannunka, ko na daƙiƙa ɗaya. Ka ɗauki hoton lambar gindin kafin ka biya. A duba lissafin dannawa a gabanka, kada ka yarda da hoton da aka turo. Rifabish babu takarda ƙarya ce. Sunan asusu ya saɓa, ka tashi.

285,000. Matata ba ta ce mini komai ba, ta dai ce Allah ya mayar da alheri, kuma shirun nata ya fi yi mini nauyi, don ita ta haƙura da gyaran keken ɗinkinta saboda adashen nan. Ban yafe ba, kuma ba zan yafe ba, mu haɗu a gaban Wanda muka yi wa sujada tare ranar nan.

Hotunan hirarmu, rasit ɗin tiransifa biyu, hoton Err 30 da lambobin nan biyu gefe da gefe, zan sa su anjima da dare in na rufe sunan mai POS ɗin da lambobin waya, don shi ma amfani aka yi da shi. Duk wanda aka taɓa nuna wa 600D daga baƙar jaka a wajen babbar kasuwa, ko aka ce masa yaya ya aiko da guda huɗu saura biyu, don Allah ya yi mini magana ta akwatin saƙo, ina son in haɗa da nawa rahoton.