Silaim mai bin mayen ƙarfe: kwalin ya biya, amma da gyara

Kwalin da na saya wa yarana a wani shagon kayan wasa kusa da Terminus a Jos na haɗa silaim ne, abin nan mai yauƙi da danƙo da yara ke ja suna murzawa, sai dai wannan nau'in yana bin mayen ƙarfe. A ciki akwai kwalbar farin gam, ƙullin garin wani sinadari mai suna boraks, baƙin garin ƙarfe a leda, da mayen ƙarfe guda. Kuɗina bai tafi a banza ba, amma ina da ƙorafi biyu.

Haɗawar ba wuya. A zuba gam a roba, a sirka da ruwa kaɗan, a sa baƙin garin a juya har ya yi baƙi ƙirin. Boraks kuma a narkar da shi a ruwan ɗumi, a riƙa ɗigawa ana juyawa. Nan da nan gam ɗin zai kama jikinsa ya saki gefen robar. Dalili kuwa, ƙwayoyin wannan gam da ake kira PVA dogaye ne kamar zare, boraks ne ke ƙulla su da juna nan da can. In ya yi yawa, silaim ɗin ya yi tauri ya riƙa tsinkewa.

Ƙorafina na farko mayen ƙarfen da suka saka ne. Irin wanda ake mannawa a jikin firji ne, da ƙyar yake motsa silaim ɗin. Sai da wani mai gyaran kwamfuta ya ciro mana na cikin tsohon hard disk (ma'ajiyar bayanan kwamfuta), irin mayen ƙarfen da ake yi da niyodimiyam da ƙarfe da boron, sannan wasa ya yi daɗi. Muka ajiye shi dab da silaim ɗin a kan faranti. Gefensa ya fara tsiro da ɗan ƙaho, ƙahon ya miƙe a hankali har ya taɓa mayen ƙarfen, sannan sauran jikin ya biyo baya ya lulluɓe shi ruf. Autata ta ja da baya ta ce, "Umma, rai gare shi?"

Wannan tambayar ce ta fi min komai a cikin kwalin. Yayanta ya raba silaim ɗin biyu ya kusanta su, ba wanda ya ja wani. Da kansu suka gano cewa silaim ɗin ba mayen ƙarfe ba ne, garin da ke cikinsa ne ake ja, shi kuma ya janyo gam ɗin. Kakansu, wanda ya yi aikin kuza da ƙuruciyarsa, ya ce ai da injin maganaɗisu ake raba kuza da kolumbayit da sauran baƙin yashi a nan Jos, domin ita kuza ba ta binsa. Washegari yaran suka sa mayen ƙarfen a leda suka ja shi cikin yashin bakin rafi, ya fito da baƙaƙen ƙwayoyi manne a jikin ledar. Takardar kwalin ba ta kawo wannan ba, kuma kyauta ne.

Ƙorafi na biyu ya fi damuna. Takardar ba ta yi wani gargaɗin kirki ba. Mayen ƙarfe mai ƙarfi in yaro ya haɗiye guda biyu, suna iya manne wa juna su matse hanji har ya huje, sai an yi tiyata. Boraks ba abin kaiwa baki ba ne, yana kuma yi wa hannu mai ciwo zafi. Garin ma babba ya kamata ya zuba, kada yara su shaƙa. Ni dai ba zan ba yaron da har yanzu yake kai abu baki wannan wasan ba, kuma mayen ƙarfen a wurina yake kwana, nesa da katin banki.

Baƙin yana shiga ƙarƙashin farce, yana kama tufafi. Ruwan khal yana narkar da silaim daga zane, amma tabon garin sai an sha wanki, don haka a sa musu tsofaffin kaya a shimfiɗa leda. Da hunturun Jos kuwa, in aka bar shi a buɗe ya bushe, sai a roba mai murfi.

In gam ɗin ya ƙare, farin gam na kafintoci yana yi. Baƙin garin ne mai wuyar samu, a riƙa tsimi da shi.