Littafin nan na yarinya mai sikila: farkonsa ya sa ni kuka, ƙarshensa ya ɓata mini rai

Duk wadda ke cikin zaurukan karatu na WhatsApp a Zariya ta san littafin da nake nufi, wanda ake ta yi wa talla tun kafin azumi, labarin yarinya 'yar aji shida mai ciwon sikila da saurayinta ɗan jami'a. Ba zan kama sunansa ko na marubuciyar ba, don ba tozarta ta na zo yi ba. Shafukan kyauta na fara karantawa, suka kama ni, na tura kuɗina aka saka ni a zauren waɗanda suka biya. Kuɗin ba su dame ni ba. Abin da aka sayar mini da su ne ya tsaya mini a rai.

Farkonsa dai sai sam barka. Ƙanwata SS ce, wato mai sikila, ɗaki ɗaya muka tashi a Tudun Wada, saboda haka da wuya a yi mini ƙarya a kan wannan ciwo ban gane ba. Akwai babin da ciwon jarumar ya tashi cikin dare, lokacin hunturu. Ta ciji matashin kai don kada ta tashi mahaifiyarta da ta gaji da jinya. Da uwar ta farka sai ta dafa ruwa ta zuba a gora, ta naɗe da tawul tana gasa mata baya da gwiwoyi, uban kuma yana bakin titi yana neman mai Keke Napep a lokacin da ko kare ba ya yawo. Haka abin yake, babu ƙari. Har abin da ba a cika faɗa ba ta faɗa: ma'aikaciyar jinya da ta harari yarinyar don ta roƙi allurar rage zafi, ta ce wai ta fiye son allura. An taɓa faɗa wa ƙanwata wannan maganar a wani asibiti, tana murƙususu, idanunta sun yi ɗorawa shar. A nan na ajiye waya na yi kuka mai isata. Washegari na shiga tallata littafin ga ƙawayena, ina cewa ga wadda ta san abin da take rubutawa.

Na kuma ji daɗi da ba ta kashe jarumar ba. Mun gaji da maganar nan ta cewa masu sikila ba sa wuce shekara ashirin. Ina ganinsu da idona a layin ganin likitan jini a asibitin koyarwa na Shika, akwai malaman makaranta, akwai masu furfura, akwai masu goyo. Kurakuran rubutu da yawan cusa Turanci a bakin saurayin da jinkirin sakin shafuka duk na kau da kai.

Sai aka zo maganar baiko.

Aka je gwajin jinotaif, wato gwajin jinin da ke nuna ko mutum na ɗauke da sikila, saurayi ya fito AS, mai ɗauke da ita amma ba ya ciwon. Na gyara zama, na ce yanzu za a yi labari. Gwaggon yarinyar ta ce a dakata, a yi tunanin 'ya'yan da za a haifa. Maimakon marubuciya ta bar wannan magana da nauyinta, sai ta mayar da gwaggon muguwa, wai 'yarta take so ta cusa wa yaron, har da zuwa wurin boka. Saurayi ya yi dogon jawabi a kan tawakkali, kowa ya yi hawaye, aka ɗaura aure. Babi uku a gaba amarya ta haifi tagwaye, likitan cikin labarin ya fito yana murmushi ya ce dukansu AA ne, wato ba su ɗauko sikila ko kaɗan ba.

Wallahi sai da na koma na sake karanta layin. Haba 'yar'uwa! Macen da take SS ba za ta haifi AA ba ko wa ta aura. Kowane ɗa harafi ɗaya yake ɗauka daga uwa, ɗaya daga uba, ita kuwa ba ta da abin bayarwa sai S. Idan mijinta AS ne, kowane ciki rabi da rabi ne, ko AS ko SS. Kuma lissafin kowane ciki sabo ne, ba a cewa tun da na fari ya tsira na biyu ma zai tsira. Iyayenmu AS da AS ne, sun yi aure lokacin da ba wanda ke maganar gwaji, ɗaya cikin huɗu ne haɗarin a kowane ciki, kuma ya faɗa kan autarmu. Umma har yau idan ciwon ya tashi takan zauna a gefen gado tana cewa da mun sani. A haka ne za a ce mini gwaggon da ke son hana irin wannan nadama ita ce muguwa?

Abin ya fi ci mini rai saboda waɗanda ke karantawa. Yawancin 'yan zauren nan 'yan mata ne masu shekara sha shida, sha bakwai, masu haddace kalaman jarumi su kwafa su ɗora a shafukansu. Kuma a Najeriya muke, ƙasar da ta fi kowace yawan masu wannan ciwo a duniya, inda ake ƙiyasta haihuwar jarirai kusan 150,000 masu sikila duk shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da AS, da yawa ba su ma sani ba. Ba banza ba jihar Kano ta yi doka a 2024 ta tilasta gwaji kafin aure, har da na jinotaif. Duk ranar 19 ga Yuni, ranar sikila ta duniya, likitoci na fita gidajen rediyo suna roƙon mutane su yi gwaji, sai littafi ɗaya ya zo ya gaya wa yarinya cewa in dai so ya kai so takardar gwaji ba komai ba ce. Tawakkalin ma da aka fake da shi, ai an ce ka ɗaure raƙuminka tukuna.

Daga nan ne ma na fara lura da abubuwan da na yafe a baya. Tun da saurayin ya shigo rayuwarta ciwon ya yi ɓatan dabo. Ba a ƙara ganin ta sha folik asid ko Paludrine na rigakafin zazzaɓin cizon sauro ba, ba gorar ruwa a jakarta, ba gidan sauro. Akwai inda ruwan sama ya tsare su a hanyar Samaru, ta fito daga mota tana wasa a ciki har ta jiƙe sharkaf, ta koma gida lafiya lau ta kwanta tana tunaninsa. Ƙanwata idan ruwa ya taɓa ta haka, ranar a gadon asibiti za ta kwana ana ƙarin ruwa. Sanyi da ƙishirwa da zazzaɓin cizon sauro da gajiya su ne manyan masu tayar da ciwon, kuma ƙwayar jinin mai sikila kwana 10 zuwa 20 take yi ta mutu, alhali ta mai lafiya tana kai wa 120. Samun miji ba ya canza wannan. Shi kansa cikin tagwaye a jikin mai SS, wanda likitoci ke sa wa ido ba dare ba rana, layi biyu aka ba shi, aka wuce zuwa kayan suna da ankon da dangi suka fitar. Shafi huɗu cur a kan anko.

Ga hanyoyi birjik da za ta bi. Ta mayar da saurayin AA mana, 'ya'yansu duka su zo AS, ta nuna mana yadda ake zaman aure da ciwo, mijin da zai koyi gasa baya da zaman jiran a samu jini. Ko ta bar shi a AS ɗin, ta rubuta rabuwar da gaskiyarta, don akwai masu yin wannan kukan a garin nan kowane wata bayan sun karɓo sakamako. Ko da waraka take so ta ba jarumar, akwai dashen ɓargo, an fara yin sa a Najeriya a Benin tun 2011, sai ta nuna tsadarsa da wahalar samun ɗan'uwan da ɓargonsa ya dace.

Ƙanwata ta riga ni gamawa, don a wayata take karantawa idan na yi barci. Da safe muna wanke-wanke ta ce, "Yaya, to ni me ya sa Umma ke cewa kada in saurari kowa sai na ji jinotaif ɗinsa?" Sai da na tsame hannuna daga ruwa na zaunar da ita na yi mata lissafin da yatsu.

Na rubuta ƙorafina a zauren cikin ladabi. Wasu suka taso mini, wai labari ne kawai, in ban so in rubuta nawa, daga baya aka goge saƙon. Ƙawayen da na tallata wa na bi su ɗaya bayan ɗaya na janye maganata, musamman masu ƙanne 'yan mata. Wadda ta riga ta biya ta karanta zuwa babin baiko ta tsaya. Ke kuma marubuciya, na ji ana cewa za ki buga shi a takarda. Don Allah kafin ki kai maɗaba'a ki ɗauki babi biyar na ƙarshe ki kai wa likitan jini ya duba miki, kuma ki wanke gwaggon nan.